Jan Ɗigo da Daɓen Yaya

Aikina a wancan zamani shi ne sa launi. In na faɗi haka yanzu jikokina dariya suke yi, wai ƙato da gashin baki a ba shi fensir mai launi kamar ɗan aji ɗaya. Su yi ta dariyarsu. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, mutum nawa ne a ƙasar Birnin Gwari za a ajiye wa taswira a gabansa ya san ina ne gabas? Ni na sani, kuma ban taɓa yarda wani ya manta cewa na sani ba. Girman kai ne da ni a lokacin, ba na ɓoyewa.

Da na gama makarantar midil a Zariya na samu aiki da wani kamfanin Turawa masu neman ma'adinai. Da damina muna ofis a Kaduna, da rani mu shiga daji. Aikin ba wuya a baki, sai a ƙafa. Za mu bi rafi tun daga inda ya faro, duk bayan 'yar tafiya a tsaya a ɗebi yashi, a tankaɗe da rariya, a zuba garin a 'yar jakar takarda, a rubuta mata lamba. In mun dawo tanti da la'asar, Baturenmu ya ɗebi kaɗan daga kowace jaka ya zuba a siririyar kwalba, ya ɗiga wani ruwa kore, ya girgiza. In ruwan ya tsaya kore, ƙasar ba ta da komai. In ya juya ya yi ja, akwai ƙarfe a cikinta. Ni kuma ina gefe da taswira, kowace jaka in yi mata ɗigo a daidai inda aka ɗebo ta. Shuɗi ga wadda ba komai, kore ga mai ɗan ƙamshi, rawaya ga wadda ta fi, ja kuwa sai an yi babbar sa'a. Sai mu yi wata guda fensirina ja bai ga aska ba.

Baturen dogo ne, mai jan wuya, ba mugu ba ne, amma ba ya bayani. Hausarsa ta ba da umarni ce: kawo, zuba, tashi, maza. Ni kuma ina jin kunyar yin tambaya, kada leburori su ga akwai abin da Malam bai sani ba.

Yanzu bari in kawo Yaya cikin maganar, don tata ce ba tawa ba.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara uku, Yaya ce ta goya ni. Ita ta yi mini tsarki, ita ta cire mini ƙaya, ita ta sayar da akuyarta ta ɗinka mini rigar da na tafi Zariya da ita. Har na yi gemu ba ta kira ni da komai ba sai Auta. Aure ya kai ta wata 'yar tunga tsakanin Tsohon Birni da Dogon Dawa, gida bai fi goma sha ba, a bakin wani rafi. Bayan tungar akwai tsofaffin ramuka da masu haƙar zinariya suka bari tun kafin babban yaƙin Turawa, kowane rami da tulin dakakken dutse a bakinsa.

Yaya mace ce mai tsabta har ta ba mutum haushi, kuma duk yankin nan ba wadda ta kai ta iya daɓe. Sauran mata marmara suke haƙowa su daɓe ɗakunansu. Ita kuwa ta gano cewa dutsen bakin ramukan nan ya fi, ga laushi an riga an daka, ga shi toka-toka da wani ƙyalli kamar tozali. Sai ta ɗebo shi a kwando, ta shimfiɗa, ta yayyafa ruwan makuba, ta durƙusa da madaɓi tun hantsi har azahar tana bugu tana waƙa. In ya bushe rana ta leƙo ta ƙofa, ƙasan ɗakin ya riƙa walƙiya. Mata har daga wasu tungaye suke zuwa kallo. Kowace shekara sai ta sabunta shi, ko da bai fashe ba.

Abin da Allah bai ba ta ba shi ne ɗa mai zama. Ta haifi uku, duka lafiyayyu, duka ɓul-ɓul. Kowanne sai ya fara rarrafe ya fara kai hannu baki, sannan ya soma ƙin abinci, ya yi ta kuka yana riƙe ciki, daga nan sai shiɗewa, idanu su kafe, jiki ya sandare. Ba wanda ya kai shekara biyu. Aka sa mata suna mai wabi. Surukarta ta ce nononta ne ba shi da kyau, kuma Yaya ta yarda. Da ta haifi ta huɗu, mace, aka yi duk abin da aka saba: aka kai jaririyar juji aka ajiye kamar ba a so, aka ɗauko, aka tsaga mata kunne. Aka kuma yaye ta da wuri don a raba ta da nonon. Yaya ta riƙa zaunar da ita a tsakar ɗaki da 'yar ƙwaryar kunu, don a ganinta nan ne wurin da ya fi ko'ina tsabta.

A ranin da nake ba da labari, aiki ya kawo mu ƙasarmu. Muka kafa tanti kusa da Tsohon Birni. Zazzaɓi ya kwantar da Bature kwana biyu, sai ya ce tunda ni ɗan gida ne, in ja leburori mu bi rafukan arewa. Rafin su Yaya na cikinsu. Na je da wandon kaki da hular kwano da littafi a hammata, ina taku ɗai-ɗai don kowa ya gani.

Muna cikin tankaɗe a ƙasan ramukan sai ga wani dattijon Bafulatani ya koro shanunsa. Na ga ya bi da su can nesa, ya hana su sauka, alhali ga ruwa kwance. Na ce, "Baffa, ruwan ne bai yi wa shanun ba, ko mu ne ba a so?"

Ya ce, "Malam, mu ba mu shayar a nan. Bara waccan maraƙi biyu sun lashi ƙasar wurin nan, sun makance, suna tura kai jikin itace har suka mutu. Wurin ba shi da kyau."

Na ce wa leburori, "Kun ji, aljanun rafin nan ba sa shiri da Fulani." Aka yi dariya. Dattijon ya dube ni, ya bi shanunsa. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da har yau nake jin kunyarsu.

Da muka gama na shiga wurin Yaya. Ta kawo mini fura, ta zauna tana kallona ina sha. Yarinyar tana rarrafe tsakaninmu, ta kama igiyar takalmina tana ja. Tana da haƙora huɗu da wata dariya mai ƙara da ba ta dace da ƙanƙantarta ba. Na lura daɓen ya ɗan farfashe, abin da ban taɓa gani a ɗakin Yaya ba. Na tsokane ta, na ce ko tsufa ya fara kama gwiwa ne.

Ta ce, "Ba zan sake shi ba, Auta. Tashi za mu yi. Maigidan ya yarda. Kawunsa ya ba shi fili a Tsohon Birni, kafin ruwa ya sauka za mu koma. Wurin nan bai karɓe ni ba. Uku na ba shi, ba zan ba shi ta huɗu ba."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma da gaske na faɗa.

Washegari Bature ya warware ya zauna gwaji. Kwalba bayan kwalba kore, kore, kore, har na fara hamma. Da aka zo kan jakunkunan rafin su Yaya, ɗigo ɗaya ya sa ruwan ya juye ja wur kamar zoɓo. Ya sake da wata jakar, haka. Ya miƙe tsaye, ya kama hannuna ya girgiza, abin da bai taɓa yi ba. Na feƙe jan fensirina na yi ɗigo biyar a jere, na cika su sosai har takardar ta kusa hujewa. Ban tambaye shi wane ƙarfe ne ba. Me zan tambaya? A ƙasar Birnin Gwari, kusa da ramukan zinariya, in Bature ya yi murna ai kowa ya san abin da ya gani.

Ranar Juma'a na ari keke na koma tungar. Na sami mijin Yaya a ƙofar gida yana ɗaure jinka, har ya fara sauke rufin rumbu. Mutum ne mai sanyi, manomi, ba ya gardama da kowa, balle da mai takarda.

Na ce, "Yaya babba, dakata da wannan aiki. Kan dukiya kuke zaune. Ni da hannuna na sa muku ja a taswira, kuma duk dajin nan ba wanda ya samu ja sai ku. Kamfani zai dawo. Za a yi hanyar mota, a ɗauki ma'aikata, a gina asibiti. Waɗanda aka tarar a wurin su za a fara dubawa. Ka tashi yau, gobe wani ya zo ya zauna a kufanka ya ci arzikin?"

Ya ajiye igiya ya ce, "To, Malam, ai ni ba ni na matsa ba. Ka yi magana da 'yar'uwarka."

Yaya tana bakin ƙofa da yarinyar a baya, ta ji komai. Ta ce, "Auta, ni ba na son zinariya. Yarinyar nan kawai nake ji."

Na ce, "Saboda ita nake magana. A Tsohon Birni wa zai duba ta? Nan kuwa likita zai zo har ƙofar ɗakinki. Yaya, ki yarda da ni. Abin da na gani a kwalba ba tatsuniya ba ne."

Ta jijjiga goyon. Sannan ta ce, "Kai ka ga takarda, mu ba mu gani ba. In ka ce mu zauna, mun zauna."

Na hau keke ina jin kaina kamar na biya ta akuyarta. Daga baya na samu labari cewa a makon nan ta ɗauki kwando ta nufi bakin ramuka. Tunda zama ya tabbata, ba za ta bar 'yarta ta yi rarrafe a fasasshen daɓe ba. Ta yi sabo, kuma an ce bai taɓa yin kyau irin na wannan shekarar ba.

Ruwa ya sauka, muka koma Kaduna. Na duƙufa kan babbar taswirar da za a aika wa shugabannin kamfani. Aiki ne na natsuwa: a kwafe rafuka da tawada, a mayar da kowane ɗigo mazauninsa, a zagaye masu launi ɗaya da layi, a yi ɗan akwati a kusurwa a bayyana ma'anar kowane launi. An aika jakunkunan jan ɗigo ƙasar Turawa don a yi musu gwaji mai zurfi, amsa ba ta dawo ba sai wajen kaka. Da ta zo Bature ya ce in rubuta dalma a gefen ja, ba zinariya ba. Na ɗan ji ba daɗi, amma na ce ai dalma ma kuɗi ce, kamfani zai zo dai. Na rubuta da kyakkyawan rubutuna.

Wata rana da hantsi ina jera ragowar jakunkunan jan ɗigon a akwati, ɗaya ta fashe, garin ya zube mini a hannu. Na karkaɗe a wando, na ci gaba da ɓare dafaffiyar gyaɗar da na saya a bakin ofis ina jefawa a baki. Sai na ji tsawa. Bature ya taso daga teburinsa ya buge gyaɗar daga hannuna, ya ja ni har wurin famfo, ya miƙo mini sabulu. Na fusata, don a gaban masinja aka yi. Da Turanci ya ce mini wannan ƙasar guba ce, in kiyaye ta da bakina. Ya ce babba takan murɗa masa ciki ta bar shi, amma ƙaramin yaro in tana shiga cikinsa kaɗan-kaɗan, sai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ya riƙa shiɗewa har ya mutu. Ya ce ko shanu suka lasa makancewa suke yi.

Ruwan famfo na zuba a hannuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, in yaro yana rarrafe a kanta fa? In da ita aka daɓe ɗaki?"

Ya ce wa zai yi haka? Ya ja ni gaban taswirar ya nuna jan ɗigon nan biyar. Ya ce ai ba kowa a wurin, daji ne.

Gaskiyarsa. A takardar ba kowa. Tsohuwar taswirar da muka kwafa ba ta san da tungar ba, shi bai taɓa taka wurin ba, ni kuma da na taka, na sha fura a can, ban sa ko ɗan tabo na nuna akwai gida ba. An ce in zana rafi da ɗigo, na zana rafi da ɗigo. Na gaya masa akwai mutane, akwai 'yar'uwata, akwai yara uku a ƙasa. Fuskarsa ta sauya. Ya ce me ya sa ban faɗa ba? Ya ba ni izini, ya ce in je in fitar da su yau-yau.

Yau-yau a bakin Bature ke nan. Hanyar Birnin Gwari a ƙarshen damina ba ta san wannan magana ba. Motar katako da na samu ta kafe a laka sau uku, muka kwana biyu a hanya, gada ɗaya ruwa ya cinye sai da muka sauka muka tsallaka da ƙafa. Daga Tsohon Birni na taka, ciyawa ta fi ni tsawo, ina tafe ina haɗa maganar da zan faɗa: ku kwashe yarinyar, kada ta ƙara taɓa ƙasan ɗakin nan, ku bar komai ku fito. Na maimaita ta har na haddace.

Na isa da azahar. Mijin Yaya na zaune a ƙofar gida kan tabarma, da carbi. Da ya gan ni ya ce, "Malam, ashe saƙon ya same ka da wuri." Ba wani saƙo da ya same ni. Sun ba wani mai zuwa Kaduna, mun yi saɓani a hanya. Yarinyar ta rasu, jiya aka yi sadakar bakwai.

Ban san yadda na shiga gidan ba. Yaya na zaune a tsakar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Rana ta shigo ta ƙofa, daɓen yana ta walƙiyarsa. 'Yar ƙwaryar kunun tana kife a gefe. Ta ce, "Auta, ka zo? Ka sha hanya." Har ta yunƙura za ta kawo mini ruwa.

Na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Na yaye ta da wuri, ka sani. Ban ƙara ba ta nonon ba. Duk da haka ya bi ta. Innar maigidan ta ce tun a ciki nake ba su abin. Na gaya wa maigidan ya sawwaƙe mini ya nemi mai zama da 'ya'ya, kada in ƙarar masa da zuriya."

A hanya na yi tunanin yadda zan ceci yarinya, ban yi tunanin abin da zan ce in babu ita ba. Ina iya yin shiru. Da na yi shiru, da ta ci gaba da ganina Autanta mai takarda, ita kuma ta mutu tana ganin jikinta ne ke kashe mata 'ya'ya. Na tsorata ƙwarai, ba na musu. Amma na faɗa. Na ce ba nononta ba ne, ba cikinta ba ne, ba wabi ba ne. Na ce jan da na sa musu ba zinariya ba ne, dalma ce, guba ce, tana cikin dutsen bakin ramuka, kuma yaro in yana kai ta baki ita ke kawo shiɗewa.

Ta dube ni. Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake.

"Ashe ba nonona ba ne," ta ce a hankali, har na ga kamar fuskarta za ta saki. Sai idonta ya sauka ƙasa. Ta ɗora tafin hannu a kan daɓen, ta shafa shi. Ta ce, "Wannan?"

Na ce shi.

Ta ce, "Ni na ɗebo shi. Da kaina. Kwando goma sha ɗaya."

Na ce, "Yaya, ni na ce ku zauna. Kin riga kin ɗaure kaya, ni na kwance. Ki zage ni, ki tsine mini, ki yi duk abin da kika ga dama."

Na so ta yi. Wallahi da ta ɗaga hannu ta mare ni da na samu sauƙi. Ba ta ko kalle ni ba. Ta tashi ta fita, ta dawo da galmar mijinta, ta ɗaga ta sara a tsakiyar ɗakin. Daɓen Yaya ba ya fashewa da sauƙi, sai da ta sara sau huɗu kafin ya tsage. Ta ci gaba. Ba kuka, ba magana, sai ƙarar ƙarfe da numfashinta. Mata suka taru a ƙofa, ba wadda ta iya shiga. In ta tara ɓaraguzai ta zuba a kwando, ta ɗora a ka, ta bi ta tsakiyar tungar har bakin ramuka ta juye a ciki, ta dawo.

A cikin watan suka koma Tsohon Birni, sauran gidajen ma suka watse ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin bai dawo ba, an ce dalmar ba ta kai a kafa inji dominta ba. Taswirar kuwa an yaba ta, har aka ƙara mini girma saboda tsabtar aikina. Kafin a aika da ita na saka 'yan gidaje a gefen jan ɗigon, a lokacin da ba kowa a cikinsu. Yaya ba ta sake haihuwa ba. Ta rayu shekaru da yawa, ina zuwa gaishe ta, tana ba ni fura, tana kirana Auta, ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ɗakinta na Tsohon Birni ƙasa ce tsura, ba ta yarda an daɓe shi ba.

Amma abin da ke hana ni sakewa ba wannan ba ne. A ranar nan, da ta dawo daga ramuka karo na uku, gumi ya jiƙe ta, na cire takalmi na shiga na kama bakin kwandon don in ɗauka mata. Ta riƙe shi gam. Ta cire yatsuna daga jikinsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take yi mini ina yaro in na kama wuƙa.

Ta ce, "Bari, Auta. Hannunka na takarda ne."